Ranar da Muka Ajiye Waya Muka Ɗauki Mita

Ina haɗa sola a Kano. Da ita nake ciyar da iyalina, kuma ita ce ta haɗa ni rigima da mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, janareto ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago, aiki ya buɗe mana, masu yin aikin ma suka ninka. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin Band A, waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, sai masu kemis da masu firiza suka biyo layi. Sannan ga duhun watan Oktoba na shekarar, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke bi ta Makurdi shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta kwashe sama da mako guda ba wuta. A wannan tsakanin Facebook da TikTok suka zama kasuwarmu. Ka gama aiki ka ɗora hoto don ka samu mai saye, kafin la'asar wani ɗan sana'ar ya zagaye kebul ɗinka da jan layi, ya rubuta cewa gidan nan gobara yake jira. Kai ma gobe ka rama. Masu gidaje suna karantawa, shi ya sa maganar take da zafi, abincin mutum ake taɓawa.

Mutum uku ne suka fi tsaya min a rai. Akwai wani matashi a Jos da kullum yake cewa jerin fanel ɗina zai ƙona kontirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana haɗa ƙananan sola a ƙauyukan Jigawa da Katsina, wanda nake gani kamar ya ƙi barin tsohon yayi. Sai wata injiniya a Kaduna da take cewa muna sayar wa mutane batir da ba su da bukatarsa. Kasuwar baje koli ta Kano, wadda ake ci a filin Zoo Road a ƙarshen shekara, ita ta haɗa mu. Matashin ne ya rubuto min: "Yaya, na shigo Kano, ina filin baje koli. Ka zo da mitarka." Ashe ya kira sauran biyun. Muka gaisa, muka yi la'asar tare, washegari da sassafe muka hau rufin wani gida da nake aiki a kai.

Rigimata da matashin a kan fanel uku ce. Kontirolar MPPT, irin mai mayar da rarar bolt ɗin fanel ya zama caji, da muka fi sa wa matsakaitan gidaje, iyakar abin da take ɗauka bolt 150 ne. Fanel mai wat 550 kuma, idan ka duba bayansa, Voc ɗinsa, wato bolt ɗin da yake bayarwa kafin a ɗora masa kaya, yana wajen 49.8. Ka jera uku a siris, kan wannan a wutsiyar wancan, ka samu 149.4. Bai kai 150 ba. Da wannan lissafin nake kare kaina tsawon watanni.

Bai yi musu ba. Ya ce, "Yaya, karanta min layin da ke ƙasa." Layin ya nuna cewa a zafin digiri 25 aka auna duk lambobin. Sai ya buɗe takardar bayanan fanel ɗin a wayarsa ya nuna min abin da ban taɓa tsayawa a kai ba: idan fanel ya yi sanyi bolt ɗinsa hawa yake, kimanin kashi 0.27 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da aka sauka ƙasa da 25. A Jos safiyar hunturu takan kai digiri 10 ko ƙasa da haka. Digiri 15 ke nan aka sauka, bolt ya ƙaru da kashi 4, fanel ɗaya ya koma 51.8, uku sun haura 155. A Kano ma ba mu tsira ba, safiyar Janairu takan taɓa digiri 13, jerin ya kai 154. Kuma da sassafe ne abin yake afkuwa, rana ta haska, gilashi yana da sanyi, kontirola ba ta fara jan wuta ba, sai ta karɓi cikakken Voc. Mai kyau takan kashe kanta ta nuna alamar kuskure. Mai araha ƙonewa take. Nan na gane dalilin da ya sa kontirololi suke yawan mutuwa tsakanin Disamba da Janairu, mu kuwa muna ta zagin kaya jabu.

Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Ka ƙara kashi 6 cikin ɗari a kan Voc kafin ka ninka da yawan fanel. A kontirola mai 150, biyu-biyu za ka jera. A inbata mai ɗaukar bolt 450, takwas ne iyaka, domin sun ba da 422, tara kuwa 475. Mai ɗaukar 500 za ta ɗauki tara, ba za ta ɗauki goma ba. Akwai kuma iyakar ƙasa da ake mantawa. Da yawa daga irin waɗannan inbatocin ba sa fara caji sai jerin ya kai bolt 120. Fanel da ke aiki a bolt 42, idan rufi ya yi zafi yakan sauka wajen 37, uku su ba da 111, inbata ta yi shiru da tsakar rana, mai gida ya kira ka yana cewa sola ba ta aiki. Huɗu ne mafi ƙaranci.

Shi ma ya samu nasa a wurina. A Jos yana kwantar da fanel kusa da kwano, bai damu ba. Na sa ya ɗora tafin hannunsa a kwanon nan da ƙarfe sha biyu, a hunturu ma, ya janye da sauri. A watan Afrilu, iska tana digiri 40, fanel yakan kai 65. Kowane digiri sama da 25 yana cin kimanin kashi 0.35 na ƙarfinsa, kashi 14 ke nan, mai wat 550 ya koma wajen 470. Dole a bar santimita 10 zuwa 15 tsakanin fanel da rufi don iska ta ratsa. Maganar karkata ma mun zauna a kanta. Kano tana digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka fanel ya kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15. Idan ka kwantar da shi sarai, ƙura ta taru a gindin firam ta rufe layin ƙasa. Idan ka miƙe shi da yawa, ka yi asara a damina, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsakar rana, kuma a lokacin ne gajimare ya fi yawa.

Abin da ya sa nake son dogon jere tun asali kebul ne, kuma a nan ya yarda da ni. Ɗauki fanel huɗu, tazarar mita 20 daga rufi zuwa ɗakin inbata, mita 40 ke nan zuwa da dawowa, da kebul mai milimita 4. Idan ka haɗa biyu-biyu, amfiya 26 ce za ta bi kebul ɗin, bolt 4.5 ya zube a hanya, wat 118 ya tafi a zafi. Idan ka jera huɗun a layi ɗaya, amfiya 13 ce, asarar wat 30 kacal. Wanda kontirolarsa ta tilasta masa biyu-biyu, sai ya koma milimita 6 ko 10, ko ya matso da kontirola kusa. Duk wannan lissafin na jan ƙarfe na gaske ne. Akwai kebul a kasuwa wanda alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, abin da yake ɗauka bai kai kashi biyu cikin uku na na gaske ba. Ka kankare silin da wuƙa, in ya yi fari a ciki ka ajiye shi. A hannu ma ba shi da nauyi. Araha ba ta ado.

Dattijon bai hau rufi ba. A ƙasa ya jira mu, kusa da batura.

Na sha rubuta cewa duk mai sa kontirolar PWM, tsohuwar iri mai araha, a wannan zamani cutar mutane yake. Hujjata ita ce PWM tana jawo fanel ƙasa zuwa bolt ɗin batir. Fanel mai wat 550 yana ba da amfiya 13, a batirin bolt 24 da ke caji a 28 wat 364 kawai za ka samu, a na bolt 12 kuwa wajen 180. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka irin wannan fanel ɗin nake sawa?" Mutanensa masu cajin waya ne a ƙauye, da masallatai masu ƙwai huɗu da lasifika. Fanel ɗinsu mai wat 150 ne, wanda ke aiki a bolt 18. Idan rana ta gasa shi yakan sauka 15 ko 16, batir kuma yana caji a 14.4. Tazarar da MPPT za ta ci riba a kai ta kusa ƙarewa, ga kuɗinta ya ninka na PWM, ga shi in ta lalace ba mai gyara ta a ƙauye. Gaskiyarsa ce a nasa aikin, gaskiyata ce a nawa, shekara guda muna jifan juna ba wanda ya taɓa faɗin girman fanel ɗin da yake magana a kai.

Daga nan ya zaro ma'aunin ruwan batir daga aljihun rigarsa, na gilashi, a naɗe cikin tsohuwar safa. Gidan yana da tsofaffin tubula, wato batura masu ruwa, guda huɗu masu amfiya 200 da mai gidan yake so a ci gaba da amfani da su. Ni da mita na auna, kowanne ya nuna sama da bolt 12, na ce suna da rai. Shi kuwa ya kwance murafu shida na batirin farko, ya zuƙo ruwan kowane gida na cikin batirin, ya ɗaga gilashin saitin idonsa. A batir na uku, gida na biyu, ruwan ya fito kalar shayi. Ya ce, "Wannan dafa shi aka yi." Cajin da ya wuce kima yana zubar da faranti, garinsa ya gurɓata ruwan.

Abin da ya koya mana a tsaye a wurin ya fi abin da na tara a shekaru. Tubula cikakke, ma'aunin yakan nuna wajen 1.240 zuwa 1.260, gwargwadon kamfani. Idan gida ɗaya ya yi ƙasa da 'yan'uwansa da 0.050, wannan gidan ya tafi, kuma zai ja batirin duka, batirin ya ja sauran ukun. Mai amfiya 200 ba ya son caji sama da amfiya 20. Mu kuwa mukan ɗora fanel huɗu manya, mu bar cajin inbata a kan amfiya 60 kamar yadda ta zo daga kwali, da rana ba kowa a gida, amfiya 35 ta dinga shiga batir, ruwa yana ƙafewa duk wata. Akasin haka ma kisa ne: fanel ya yi kaɗan, batir bai taɓa cika ba, farin gishiri ya daskare a faranti, ya daina riƙe caji. Cikar caji bolt 14.4 zuwa 14.8 ne a kowane batir, cajin hutawa bayan ya cika kuma 13.5 zuwa 13.8. Kada a sauke shi ƙasa da rabi, wato batura huɗun nan da ake kira yunit 9.6, yunit 4.8 ne naka. Ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ba ruwan burtsatse ba, ba na leda ba, kuma ba a ƙara asid. Sannan ya nuna mana wata siririyar waya da aka ɗaura a kan batir ɗaya daga cikin huɗun, aka ja ta zuwa fanka mai bolt 12 a ɗakin maigadi. Wannan batirin kullum yana ƙasa da sauran, su kuma suna shan caji fiye da ƙima don a cika shi. Ya ce ka auna kowane batir shi kaɗai a ƙarshen caji, in bambanci ya kai rabin bolt, ka ware su ka cika kowanne daban. Ya ƙara da maganar ɗaki. Duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar irin wannan batir biyu, mu kuwa sito marar taga, ƙarƙashin kwano, nan muke tura su don kada su ɓata falo.

Injiniyar Kaduna ba ta yi magana sosai ba sai da muka zo lissafin kaya. Na karanta jerin da mai gidan ya ba ni: firiza, firij, fanka biyar, talabijin, injin jan ruwa mai doki ɗaya. Ta ce, "Malam, wa ya auna?" Ba wanda ya auna. Daga jakarta ta fito da ƙaramar mita da ake sokawa a soket, a soka firiza a jikinta, a bar ta awa 24, ta faɗi yunit nawa aka ci. Ita ba ta ba da farashi sai ta yi wannan, domin tsohuwar firiza mai mataccen roba a murfi tana iya cin ninkin sabuwa, kuma rubutun bayanta ba zai gaya maka ba.

Sabon tunanin da ta kawo, wanda ya sauya yadda nake tsara aiki, shi ne a kwashe kaya masu nauyi daga dare a mayar da su rana. Injin ruwa ya tashi tsakanin sha ɗaya da biyu, ya cika tanki, da dare ruwa ya sauko da kansa. Firiza a sa mata taima, ta yi aiki daga tara na safe zuwa biyar na yamma, a jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare, su riƙe sanyi har gari ya waye, muddin ba a yawan buɗewa. Guga ma da rana. Abin da zai rage wa batir shi ne fanka, ƙwai da talabijin. Fanel ya fi batir araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi daɗewa, don haka ƙara fanel biyu ka rage batir ya fi wa mai gida. A lissafinta kowane fanel mai wat 550 yunit 2 take ba shi a rana, wato awa 5 na rana mai ƙarfi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na zafi da ƙura da kebul. Ta tuna mana abu biyu da muke tsallakewa. Inbata da kanta tana ci, wasu wat 50 ko ba a kunna komai ba, yunit 1.2 ke nan a kwana, fiye da rabin abin da fanel guda ya samar. Sannan mai rubutun kVA 3.5 sau da yawa wat 2,800 ce, injin mai doki ɗaya kuma, duk da wat 746 ne a takarda, yakan ja ninki uku zuwa biyar a lokacin tashi. Idan ya haɗu da tashin firiza, inbata ta yanke.

A kan litiyom ta nuna mana wani tarko. Batura biyu duka ana kiransu na bolt 48, amma ɗaya sel 16 ne a ciki, cikakken sunansa 51.2, ɗayan sel 15. Kowane sel iyakarsa 3.65. Mai 16 ana cika shi a 56 zuwa 56.8. Ka sa wannan lambar a mai 15, kowane sel zai nemi 3.79, sai BMS, na'urar da ke kare batirin daga ciki, ya yanke caji, inbata ta dinga ƙara, a ce batir ne marar kyau. Nasa 52.5 zuwa 53 ne. A kashe cajin daidaitawa na tubula gaba ɗaya idan an koma litiyom. Ita duk aikin da ta gama takan ɗauki hoton kowane saiti, ta rubuta a takarda ta manna a gefen inbata, ta koma bayan mako biyu ta karanta abin da aka samar da abin da aka ci. Na ɗauki wannan tun daga aikin da ya biyo baya.

Wajen ƙura gani ya kori ji. Muka wanke jere ɗaya muka bar ɗaya, muka maƙala kilam mita, mai auna amfiya a jikin kebul, a kowanne, bambancin ya kusa amfiya biyu. A hunturu wanki duk mako ne, da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a gilashi mai zafi yana iya tsaga shi, garin sabulu yana barin dauɗa, ruwan rijiya mai kanwa yana barin fari.

Abu ɗaya ne ba mu ɓata minti biyar a kai ba, domin duk mun ga ɓarnarsa. Birekar AC ba ta zama a layin fanel ko na batir. Wutar AC tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsi ya mutu da kansa, ta DC kuwa ba ta tsayawa, tartsatsin ya ci gaba da ci har roba ta kama. A sa birekar DC, a kula da ƙari da ragi idan an rubuta a jikinta. A sa fis kusa da kan batir. Kan MC4, wato mahaɗin kebul ɗin fanel, a matse shi da abin matsinsa, ba da filaya ba, kuma ba a zare shi wuta tana gudana. Inbata mai jan wat 3,000 a bolt 24 tana zuƙar kusan amfiya 140 daga batir, kebul mai milimita 35 take so, gajere, a ɗaure da kyau.

Yanzu mu huɗun muna da ƙaramin zaure a WhatsApp. Kafin ɗayanmu ya rufe aiki yakan turo hoton saiti da na haɗi, a duba masa a ɓoye. Aikin burtsatse a ƙauye dattijon nake tura wa, shi kuma yana turo min masu son litiyom.

Maganar sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa don wuta da tsawa su bi su shige ƙasa, ita ce har yanzu ba mu daidaita ba. Dattijon ya ce a ƙasarmu mai yashi, in ba ka zuba gawayi da gishiri a ramin ba, da rani sandar ba ta kama ƙasa, tsawa ta sauka ta rasa hanya sai ta cikin inbata. Injiniyar ta ce gishiri yana cinye sandar da maɗaurinta cikin 'yan shekaru, gara a kafa biyu ko uku da tazara, a haɗe su, a wuri mai danshi. Ba mu kai ta Facebook ba. Mun kafa guda biyu a bayan shagon dattijon, ɗaya da gishiri da gawayi, ɗaya a ƙasa zalla, mun rubuta ranar a bango da alli. Za mu auna su a watan Maris, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, mu sake aunawa a Agusta, bayan damina biyu kuma mu tone su mu duba maɗaurin.